Kafin Ruwa Ya Rufe Hanya

Da hantsi muka bar Newcastle, ni da Terumi,
bayan kwana uku muna aikin dare a ɗakin masu karaya,
idanunmu jawur kamar garwashi.
Ta manna jadawalin ruwa a gaban mota:
daga sha ɗaya zuwa huɗu da rabi akwai hanya,
bayan nan teku ya karɓi abinsa.

Titin Lindisfarne a jiƙe muka same shi,
gansakuka kwance a kai, ba ta gama farkawa ba.
Dogayen sanduna a jere cikin laka
don masu ziyarar ƙafa,
ga wani ɗan akurki bisa dirkoki
na wanda ya yi wa lokaci gardama.

A tsohon gidan ibadar rufi ya daɗe da tafiya.
Baka guda na jan dutse ya rage a sama,
iska ta gaigaye shi kamar aikin gara.
Na ɗaga kai har wuyana ya ƙage.
Terumi kuwa ƙasa take kallo.

Ta ce, mu ma muna da irinsa. Miyajima.
Ƙofa ja tsaye a tsakiyar teku,
ba katanga, ba ƙyaure, ba mai gadi.
In ruwa ya janye ka taka har gindinta,
in ya dawo sai ta zama ta kifaye.
Bareyi na yawo a kasuwa kamar awakin unguwa,
wata ta taɓa cinye mini tikitin jirgi.
Ba a binne kowa a can, in ji ta,
gawa ma ƙetarawa ake yi da ita.
Sai ta yi shiru.
Wata takwas ke nan da rasuwar mahaifiyarta,
ranar tana kan aiki, tana naɗa wa wani tsoho bandeji.

Muka zauna a wata rumfa mai ƙamshin man shanu.
Burodi da naman ƙaguwa, shayi mai zafi.
Mai shagon ta miƙo giyar zuma a ɗan kofi,
na girgiza kai, ta yi dariya, ta ƙaro mini madara.
Terumi na tauna tana lissafi:
kawa gasasshiya a bakin titi, hayaƙi na shiga ido,
waina mai siffar ganye da wake mai zaƙi a ciki.
Ta ce wannan ƙaguwar ba laifi.
Ta cinye nata, ta ɗauki rabin nawa.

Ban faɗa mata ba sai da muka sauka bakin gaɓa,
inda aka kifa tsofaffin kwale-kwale aka yi rumbu da su:
kakata Tabawa 'yar gungu ce, ƙasar Yawuri.
Da aka datse Kwara, ruwa ya hau,
ya shanye turmi, da rijiya, da kabarin ubanta.
Har ta rasu, in ta ga tafkin sai ta nuna da haɓa,
ta ce, albasarmu na can.

La'asar ta yi.
Na shimfiɗa rigar sanyi a bayan kwale-kwale,
Terumi ta tsaya ta tare mini iska,
takalmana a hannunta.
Can nesa kan yashi wasu dabbobi dangin ayu
na ta wani kuka mai tsawo.
Ban san lokacin da na ja addu'ar har haka ba.

Huɗu da minti ashirin muka hau titi,
ruwa ya fara lasar taya.
A madubi na ga hanyar na nutsewa kaɗan-kaɗan,
sandunan na gajarcewa.
Gobe da safe za ta sake fitowa, haka takardar ta ce.
Ta kakata shekara hamsin da ɗoriya
ba ta leƙo ba.

Terumi ta yi barci tun kafin Alnwick,
bakinta a buɗe, yashi a gashinta.
Na rage rediyo.
Litinin muna da aikin safe.